Kundin jinyar kazar da ƙwai ya maƙale mata

3 ga Maris, ƙarfe 7:00 na safe

Jar kaza ce mai ƙwai, wata tara da ƙyanƙyasa, nauyinta kilo 2.1, ɗaya daga cikin kaji tara da ke kwana a akurki ɗaya. An same ta a lungu ta miƙe kamar kwalba, ƙirji sama, jela ƙasa, ƙafafu a ware. Bayan kowane minti biyu ko uku sai ta yi yunƙuri, dubura ta buɗe ta rufe, ba abin da ke fitowa. Jiya ta shiga akwatin ƙwai sau huɗu ta fito ba ta ajiye komai ba. Ƙarƙashin inda ta kwana babu kashin kirki, sai ɗan farin ruwa. Zankonta ya kwanta, jansa ya dusashe. Maƙoƙonta akwai ragowar abincin jiya, alhali da safe ya kamata a ji shi fanko.

Tsayuwar nan kaɗai ba ta isa a ce ƙwai ne ba. Kazar da ruwa ya taru mata a ciki, da wadda gwaiduwa ta faɗa mata cikin ciki ta ruɓe, da mai ƙari, duk haka suke tsayuwa. Shafa ciki daga waje ma yana ruɗarwa, don ƙundu na nan a ɓangaren hagu, da tauri da siffa kamar ta ƙwai, kuma mutane da yawa sun sha matsa shi suna zaton ƙwai suke turawa. Saboda haka aka sa safar hannu, aka shafa wa ɗan ali man santsi na ruwa irin na asibiti, aka zura shi a hankali, kansa na kallon bayan kazar, domin bakin hanyar ƙwai a sama yake, na hanji a ƙasa. A zurfin santimita 4 aka taɓa abu mai tauri, da siririn nama tsakaninsa da yatsa. Ƙwai ne, kuma bai fashe ba.

Daga yanzu ake ƙirga lokaci. Ƙwai da kashi ƙofa ɗaya suke bi, ƙwan da ya tsaya a nan yana tare kashi, yana danne jijiyoyin ƙafa da ƙoda. Kaza na iya mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. An kira likitan dabbobi a waya, aka tsayar da magana: in ƙwai bai fito ba zuwa ƙarfe 5:00 na yamma, ko ya fashe a ciki, ko ƙafafunta suka daina ɗaukarta, a kai ta nan take.

Ƙarfe 7:40

Ruwa da kalsiyam aka fara ba ta kafin wanka. Yawancin mutane wankan ruwan ɗumi suke fara yi wa kazar, amma abin da ke turo ƙwai naman mahaifa ne, kuma naman nan ba ya iya matsewa in kalsiyam ya yi ƙasa a jini. Ƙwai kan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kusan awa 20 daga ciki yana wurin da ake yi masa ɓawo, kuma ɓawo ɗaya na cinye wajen giram 2 na kalsiyam. Wato daidai lokacin da kaza ke bukatar ƙarfin turawa, ɓawon ya riga ya kwashe abin da ke jininta.

An daka ƙwayar kalsiyam ta mutane mai haɗe da bitamin D3, aka auna abin da ya kai miligiram 300 na tsantsar kalsiyam kamar yadda likita ya ce, aka dama a mililita 5 na ruwa. A lura da rubutun kwalba: lambar da ke gaba sau da yawa nauyin dukan sinadarin ce. Nau'in ƙwayar da ake kira kabonet kashi 40 cikin 100 ne kawai kalsiyam, nau'in sitiret kuwa kashi 21, don haka a duba bayan kwalbar inda aka rubuta tsantsar.

Wajen ɗurawa ne ake kashe kaza ba da niyya ba. Ƙofar numfashinta na nan a gindin harshe, a buɗe. In aka matsa sirinji tsakiyar baki, ruwa ya shige huhu. An naɗe ta da tawul, kai a miƙe ba a ɗaga shi sama ba, ana ɗiga rabin mililita a gefen baki na dama, a jira ta haɗiye, sannan a ƙara. Mililita 5 ya ci kusan minti shida. Bayan haka aka ajiye mata ruwan sha mai sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali a lita ɗaya. Ta sha da kanta sau uku da aka tsoma mata baki a ciki.

Ƙarfe 8:30

Wanka na farko. Roba mai zurfi, ruwa a digiri 39, tsayinsa ya rufe dubura da ciki bai kai fiffike ba. An zuba gishirin Epsom, wani gishirin magani da ake zubawa a ruwan wanka, rabin kofi, ko da yake ɗumin ne ke yin yawancin aikin, ruwa zalla ma ya wadatar. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a bayanta. Bayan minti uku ta saki jiki.

An yi kuskure a nan: ba a sake auna ruwan ba sai a minti na goma sha biyar, aka tarar ya sauko digiri 31. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, ruwan da ya yi ƙasa haka zafinta yake zuƙewa. Ta fito tana rawar sanyi. An tsane ta da tawul biyu, aka busar da gashin ciki da na'urar busar gashi a ƙaramin zafi har ya bushe zuwa fata, minti ashirin. Daga yanzu ma'aunin zafi zai zauna cikin robar, da butar ruwan zafi a gefe ana ƙarawa.

An shafa man santsi a bakin dubura da ɗan ciki, aka sa ta a kwali mai tsawon santimita 60, tawul a ƙasa, kwalbar ruwan ɗumi naɗe da zane a gefe ɗaya don ta matsa in zafi ya yi mata yawa. An rufe saman da zane ya yi duhu. Ba a taɓa ta ba har awa ɗaya da rabi. Kazar da ake ɗagawa kowane minti goma ba ta yunƙurin kirki.

Ƙarfe 11:00

Shiru. Ƙwan ya matso kaɗan, zurfin santimita 2. Ba a matsa cikin ba, ba a kuma juya ta kai ƙasa ba. Matsa ciki na fasa ƙwai, ɓawon ya yanka hanyar, gwaiduwar ta zama abincin ƙwayoyin cuta. Ɗura mata mai ta baki ma ba ya amfani, hanji zai bi, ba ya kaiwa inda ƙwan yake, sai dai haɗarin ƙwarewa.

Ƙarfe 1:15 na rana

Wanka na biyu, minti ashirin, ruwa bai sauka ƙasa da digiri 38 ba. Yunƙurinta ya fi na safe ƙarfi, har tana ɗan ƙara.

Ƙarfe 2:50

Kan ƙwai ya bayyana, fari-fari a tsakiyar jan nama. An ƙara man santsi kewaye da shi, aka sa yatsu biyu daga waje a bayan ƙwan don kada ya koma tsakanin yunƙuri da yunƙuri, ana tare shi kawai, ita ke turawa. A yunƙuri na biyar ya faɗo. Nauyinsa giram 86, gwaiduwa biyu, ɓawon siriri da kaushi a kai ɗaya, da zanen jini. Ƙwan da ta saba yi bai wuce giram 58 zuwa 60. Minti kaɗan bayan haka ta saki kashi mai yawa, ruwa-ruwa, mai wari. Wannan kashin ya fi komai kwantar da hankali yau.

Sai dai nama ya biyo ƙwan waje, ja, girman kan babban yatsa. Fitar baya ke nan. An wanke shi da ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. An barbaɗa masa sukari aka bari minti goma sha biyar, sukarin na janye ruwan kumburi. Da ya motse aka ɗauraye, aka shafa man santsi, aka mayar da shi da yatsa, aka riƙe a ciki minti biyu. An aske gashin da ke kewaye da dubura da almakashi don kashi kada ya manne.

4 ga Maris

Naman ya sake fitowa sau biyu cikin dare, duk bayan kashi. An mayar kamar jiya. Launinsa ja ne mai haske, wannan lafiya. In ya koma shuɗi ko baƙi, ko ya bushe, jini ya daina kai masa, kuma wannan ya fi ƙarfin jinyar gida.

Abu biyu ake tsaro yanzu. Na farko 'yan uwanta: kaza in ta ga ja sai ta sara, kuma garke na iya zaro hanjin mai fitar baya cikin awa ɗaya, don haka ko leƙa akurki ba za ta yi ba. Na biyu ƙuda. Ƙwan ƙuda na zama tsutsa cikin ƙasa da kwana ɗaya in akwai ɗumi. An lulluɓe kwalin da raga, ana canza shimfiɗa sau uku a rana, ana duba gindin gashi da tocila safe da yamma.

Babbar damuwa ita ce ƙwai na gaba. Hanyar ta kumbura, ta ji rauni, tana bukatar hutu, kuma haske ne ke sa kaza ƙwai: awa 14 zuwa 16 a rana suke riƙe ta a kan yi. An mayar da ita awa 8 na haske, awa 16 na duhu sosai. An janye abincin masu ƙwai na 'yan kwanaki, ana ba ta alkama da ɗan ganye, kalsiyam kuma ana ci gaba da shi sau ɗaya a rana. Ta ci giram 35. Kashi kore-kore, alamar ba ta ci sosai kwana biyu.

5 ga Maris

Ƙarfe 6:20 na safe ta yi wani ƙwai, marar ɓawo, fata kawai. An yi tsammaninsa. Mai ƙwai na ɗauke da gwaiduwa biyar ko shida jere a ciki, kowace ta fi ta bayanta girma, kuma duhu ba ya tsayar da waɗanda suka riga suka nuna. Ƙwai mai laushi ya fi mai ɓawo wuyar fitowa, nama ba ya samun abin kamawa, kamar a matsa balan-balan mai ruwa. Ta sha wuya kusan minti arba'in, naman ya fito fiye da na farko, da jini kaɗan. An shimfiɗa fatar ƙwan aka duba, cikakkiya ce, ba guntun da ya rage a ciki.

An kai ta wurin likita. Hoto ya nuna babu wani ƙwai mai ɓawo a ciki, babu ɓaraguzai. Ya mayar da naman, ya ba da maganin kumburi da zafi da kuma maganin ƙwayoyin cuta na kwana biyar, gwargwadon nauyinta. An tambaye shi ɗinki, irin zare biyu da ake sawa a gefen dubura don riƙe nama. Bai yi ba, kuma dalilinsa daidai ne: muddin akwai yiwuwar wani ƙwai na tafe, ɗinki zai tare shi, a koma abin da ya fi na farko muni. Ya kuma ja kunne a kan allurar naƙuda da wasu ke saya su yi wa kaza da kansu: in ƙwai ya manne ko hanya ta toshe, allurar na iya tsaga mahaifa.

An rubuta ranar gama magani da kwanakin da ya ce a jira bayanta a jikin kwalin. Duk ƙwan da ta yi a tsakanin, zubarwa za a yi, ba a ci, ba a ba sauran kaji.

6 da 7 ga Maris

Ba ƙwai. Naman ya leƙo sau ɗaya ranar 6, ya koma da kansa. Ranar 7 bai fito ba. Nauyi kilo 1.95. Tana cin giram 60, tana shan wajen mililita 180.

9 ga Maris

Yau aka zauna a kan dalili, don ƙwai mai gwaiduwa biyu ba shi kaɗai ne laifi ba. Sagara da ta fara ƙwai ba da daɗewa ba takan saki gwaiduwa biyu a tare, kuma da yawa suna fitar da irin wannan ƙwan lafiya. Tambayar ita ce me ya hana wannan.

An auna abin da garken ke ci na kwana biyu. Kowace kaza na cin wajen giram 120 a rana, amma rabinsa masara ce da dusa da ragowar abincin gida da ake watsa musu, su kuwa shi suke fara tsincewa. Abincin masu ƙwai da ke buhun kashi 4 cikin 100 ne kalsiyam. Da shi kaɗai suke ci, giram 120 zai ba da giram 4.8. Da giram 60 kuwa, giram 2.4 ke nan, masara kusan ba ta da komai, kuma hanji ba ya tsotse duk abin da ya shiga, wajen rabi ne ko ɗan fiye. Ɓawo na neman giram 2 kullum. Giɓin daga ƙashin kaza yake fitowa, tana da ajiya a cikin ƙasusuwanta da take ɗiba da dare, amma ajiyar na ƙarewa. An fasa ƙwan sauran takwas aka duba: uku ɓawonsu na fashewa da ɗan matsi kaɗan. Garken duka na kan hanya ɗaya, ita ce dai ta fara faɗuwa.

Masarar ta kuma jawo ƙiba. Da aka shafa tsakanin ƙashin ƙirji da dubura an ji kitse mai kauri a kaji huɗu. Kitsen nan na matse hanyar ƙwai, yana kuma rage ƙarfin nama.

Sauran abubuwan da aka gani: ƙwan fitilar akurki na kunne har tsakar dare, hasken ya haura awa 18, akwatin ƙwai ɗaya ne ga kaji tara, alhali ɗaya ga huɗu ko biyar ake so, kuma kazar da aka tare wa wuri takan riƙe ƙwai, mazubin ruwa na ƙafewa da rana. Kaza mai haki don zafi ɓawon ƙwanta na yin siriri ko da abinci ya cika, don haka inuwa da ruwa suna cikin lissafin.

Gyaran da aka yi yau: kayan marmari ba za su wuce kashi 10 cikin 100 na cin rana ba, kuma da yamma za a ba su bayan sun ci na buhu. An rataye ƙaramin kwano daban da farfasasshen ɓawon kawa, manyan gutsattsari na milimita 2 zuwa 4. Girman na da amfani: gari na wucewa da sauri, manya kuwa suna zama a ƙundu suna narkewa cikin dare, lokacin da ake gina ɓawo. Ba a gauraya shi da abinci ba, mai bukata za ta ɗiba. An ƙara akwatin ƙwai ɗaya da mazubin ruwa na biyu. Fitila za a riƙa rage ta da rabin awa duk bayan 'yan kwanaki har jimlar haske ta zo awa 15, don in aka yanke a dare ɗaya suna iya zubar da gashi su daina ƙwai gaba ɗaya.

10 ga Maris

Magani ya ƙare. An daina ƙwayar kalsiyam, kwana bakwai sun isa. Tunda ba ta ƙwai yanzu, yawansa nauyi ne a kan ƙoda. An mayar da ita kan abincin masu tasowa, da kwanon ɓawon kawa a gefe. Alkama zalla ba ta da furotin ɗin da nama ke bukata ya warke, bai kamata ta wuce kwana biyar ko shida a kanta ba.

14 ga Maris

Dubura ta bushe ta tsuke, zanko ya ƙanƙance, tazarar ƙasusuwan ƙugu ta sauko daga yatsa uku zuwa ɗaya da rabi. Ta tsaya da ƙwai ke nan, abin da ake nema. Kashi ya dawo daidai, dunƙulalle da farin kai. Ciki da laushi, ba zafi, ba kumburi. Ana shafa shi kullum saboda ruɓewar gwaiduwa a ciki kan ɓoye mako ɗaya ko biyu kafin ta nuna. Alamunta ciki ya cika ya yi tauri, kashi ya zama rawaya, kaza ta koma tsayuwar farko. Nauyi kilo 1.9, kitsen ciki ya ragu.

19 ga Maris

An fitar da ita cikin kejin waya a tsakiyar filin kajin, suna ganinta ba sa kai mata. Kwana goma sha shida sun isa garke ya manta da ita, in aka sake ta kai tsaye baƙuwa za su ɗauke ta. Biyu sun yi ta zagaya kejin suna ƙoƙarin sara ta waya, zuwa yamma suka rabu da ita. Ta yi wankan ƙasa karo na farko. Haskenta yanzu na rana ne, da dare tana komawa kwali.

23 ga Maris

An sa ta kan sandar kwana bayan duhu, a tsakanin kaji biyu masu sanyin hali. Da safe an yi 'yar hatsaniya a bakin abinci, ba jini. An ajiye kwanon abinci na biyu nesa da na farko don kada a hana ta ci. Gashin da aka aske bai gama fitowa ba, fatar wurin a buɗe take, saboda haka ana ɗaga jelarta a duba sau biyu a rana. Ɓawon ƙwan sauran ya yi kauri, a cikin bakwai da aka kwasa yau ɗaya ne kawai mai rauni.

4 ga Afrilu

Zanko ya yi ja tun kwana huɗu, tazarar ƙugu ta koma yatsa uku, jiya ta riƙa leƙa akwati. An mayar da ita kan abincin masu ƙwai tun da aka ga alamar. Yau ƙarfe 9:10 ta shiga, 9:35 ta fito. Ƙwai giram 55, gwaiduwa ɗaya, ɓawo sumul, ba jini. An duba dubura nan take da kuma bayan awa ɗaya, nama bai leƙo ba. Kwanakin jiran magani sun wuce, ƙwan ya shiga cikin na ci.

Kazar da ta taɓa fitar baya tana iya maimaitawa, musamman in wani babban ƙwai ya zo. Za a riƙa auna ƙwanta kullum har ƙarshen wata, ana rubuta nauyi da yanayin ɓawo. In ya haura giram 70, ko aka ga jini a ɓawo kwana biyu a jere, za a sake ware ta a rage haske. Kwalin, da sirinji, da man santsi, da ragowar ƙwayar kalsiyam an haɗa su wuri ɗaya kusa da akurki. Awon nauyin kazar na gaba 11 ga Afrilu, tare da nauyin kaji huɗun nan masu kitse.